Saura Mita 200 Muka Juyo

Shekara huɗu ke nan, duk Asabar in dai ba a wayi gari da ruwa ba, da na idar da sallar asuba sai in hau babur daga Tudun Wada in nufi Wusasa, in jingine shi a gindin dutsen Kufena na Zariya in kama hawa. Tumbi ne ya fara kai ni, daga baya abin ya zame mini jiki. Na san inda ake zamewa da damina, na san inda mutum zai tsaya ya hango cikin birni da Samaru in hazo bai rufe ba. Har 'yan majalisarmu ta bakin shagon tela suka naɗa ni Sarkin Dutse, ni kuwa ban ƙi ba.

To da Kawu ya ƙudura niyyar ziyara Fas ta ƙasar Maroko, 'ya'yansa suka ce ni zan raka shi, tunda ni ke ɗan taɓa Larabci kuma na iya cike-ciken filin jirgi. Abin da ya fara faɗo mini a rai, Allah ya yafe mini, ba zawiyar Shehu Tijjani ba ce. Dutse ne. Na daɗe ina kallon hotunan Tubkal a waya, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167, cikin jerin tsaunukan Atlas kudu da Marrakesh. Duk wanda ya hau sai ka ji ya ce ba ya son igiya ba ya son wata gwaninta, ƙafa ce kawai da numfashi. Ban tsaya na lura cewa yawancin masu faɗin haka da rani suka hau ba. Mu kuwa a Janairu za mu tafi.

Bakina bai iya riƙe magana ba. Kafin biza ta fito duk majalisa ta san Sarkin Dutse zai je ya taka ƙanƙara a Maroko. Tela ya yanko wani koren yadi kamar kamu ɗaya da rabi, ya ɗinka ZAZZAU da farin zare a tsakiya, ya ce in na kai ƙololuwa in ɗaga a ɗauke ni hoto. Na shiga kasuwar Sabon Gari wajen 'yan gwanjo na zaɓo rigar sanyi mai kauri da hular ulu da safar hannu. Mai gwanjon ya rantse mini da wannan riga ko Rasha zan iya kwana a waje.

Kwana biyar muka yi a Fas. Ba zan tsawaita a nan ba, domin labarin Kawu ne, shi ya kamata ya bayar. Na dai ga dattijon da ban taɓa ganin hawayensa ba yana kuka kamar yaro a gaban kabarin Shehu, wanda ya rasu a garin a 1815. Kuma bayan magariba na ji mutane sun yi da'ira a masallaci suna karanta hizbi da ƙira'ar Warshu, irin wadda muka taso da ita a makarantar allo, har na ji kamar a zauren malaminmu nake. A cikin 'yan ziyarar ne na haɗu da wani Alhaji Bakano mai shagon atamfa a Kwari, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Tun a jirgi muka fara wasan da muka gada. Da ya ji shirina sai ya ce ai ba zai yiwu a ce Bazazzagi ya hau dutsen da Bakano bai hau ba, shi ma za shi. Na tambaye shi wane dutse ya taɓa hawa, ya ce Dala. Na ce Dalar da aka yi wa matakala?

Da muka sauka Marrakesh na je neman izini wurin Kawu. Yana zaune a kan darduma, carbi a hannu.

"Kawu, ina so ku ba ni kwana uku, zan je in hau wancan dutsen."

Ya leƙa ta taga. Bayan hasumiyar masallacin Kutubiyya ana hango tsaunukan, fari fat kamar an shanya likkafani.

"Me ka ajiye a can?"

Na rasa amsa, na yi dariya. Ya ce to Allah ya kiyaye, amma baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, duk abin da ɗan gari ya ce mini in ji. Na ce to, irin "to" ɗin da ake ce wa manya a wuce wurin.

Daga Marrakesh zuwa ƙauyen Imlil, inda ake fara tafiyar ƙafa, bai wuce awa ɗaya da rabi a tasi ba. Hanyar ta bi ta Asni, yankin da girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta yi wa ɓarna, wadda ta kashe mutum fiye da 2,900. Mun ga gidajen laka da suka rufta da sababbin gine-ginen bulo a gefensu. Direban yana nunawa da leɓe yana ci gaba da tuƙi, mu ma muka yi shiru.

Imlil na kan kimanin mita 1,750, wato kafin ka ɗaga ƙafa ma ka ninka tsayin Zariya fiye da sau biyu. Mutanen wurin Barbar ne, a tsakaninsu Tashelhit suke yi, Larabci sai da baƙo. Ba a hawan Tubkal sai da jagora mai takarda; an tsaurara wannan doka bayan kisan da aka yi wa wasu 'yan mata biyu 'yan yawon buɗe ido, 'yar Denmak da 'yar Norwe, a Disambar 2018, kuma akwai shingen jami'an tsaro da ke rubuta fasfo a hanya. Jagoran da aka haɗa mu da shi siriri ne, fuskarsa duk rana da iska sun ƙone ta, zai yi shekara hamsin. Da na yi masa Larabcin littafi sai ya yi murmushi, ya rage gudun harshensa don in gane. Ya ce in zazzage jakata. Ya ɗaga rigar gwanjona ya jinjina, ya ce wannan ta yi. Ya ɗaga takalmina ya ajiye gefe ko magana bai yi ba. Safar hannun kuwa ya juya ta ciki da waje, ya ce ta zuwa kasuwa ce. Muka yi hayar takalma masu tauri, da manyan safar hannu, da gatarin ƙanƙara, da wasu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi, su suna ce musu kirampon.

Washegari da hantsi muka kama hanya, alfadari na ɗauke da kayanmu. Muka wuce ƙauyen Armed da gonakin tuffa da suka kaɗe ganye tas, muka ratsa wani faffaɗan kwari mai tsakuwa, sai hanya ta fara miƙewa sama. Wajen awa biyu da rabi muka iso Sidi Shamharush. Wani ƙaton dutse ne da aka shafe da farar ƙasa, an kafa tuta a kansa, da 'yan shaguna kewaye. Jagora ya ce nan ne mazaunin sarkin aljanu, mutane na zuwa daga nesa da marasa lafiya da dabbar yanka. Alhaji ya zaro ido ya ce, wai Shamharushun da malaman zaure ke faɗa, alƙalin aljanu? Ashe nan yake zaune? Ya ce lallai mu sha shayinmu mu yi gaba kafin a kira shari'armu. Muka sha shayi mai na'ana'a, sukari kamar za a yi alewa.

Sama kaɗan da nan alfadarin ya tsaya, domin ƙanƙara ta fara kuma ba a shigar da su cikinta. Kowa ya goya jakarsa. A nan na fara taɓa dusar ƙanƙara da hannuna. Na zaci za ta yi laushi kamar auduga, sai na ji ta da gautsi, kamar garin rogo da ya sha iska. Na ɗan sa a baki, Alhaji ya ɗauke ni hoto ya ce zai nuna wa Kanawa Bazazzagi na cin ƙasa. Jagora ya durƙusa ya ɗaura mana ƙarafan, ya koya mana tafiya da su: a ware ƙafa, a dasa duk haƙoran a lokaci guda, kada na dama ya kama wandon hagu. Haka muka riƙa tafiya a tale kamar yaran da aka yi wa kaciya.

La'asar sakaliya muka isa masaukin mahawa, ginin dutse a kan mita 3,207. Tun kafin in cire takalmi kaina ya fara sarawa. Iskar wurin ba ta ƙoshi. A irin wannan tsayi abin da huhu ke samu a kowane numfashi bai fi kashi biyu cikin uku na abin da yake samu a bakin teku ba, kuma jiki na son kwanaki kafin ya saba. Mu kwana biyu kacal tsakaninmu da Marrakesh. Sanyi kuma yana ƙaruwa da kimanin digiri 6 duk mita dubu da ka hau. Na san ɗarin Zariya, na san yadda jaura ke fasa leɓe da diddige a watan Janairu, yadda ruwan randa ke zama abin tsoro da asuba. Ashe duk wasan yara ne. A nan ruwan da na bari a gora kusa da taga kafin tsakar dare ya daskare.

Muna cin abincin dare, miya mai zafi da burodi da tajin, irin dahuwarsu ta nama da kayan lambu, jagora ya zo ya zauna kusa da mu da wayarsa. Ya ce akwai iska da gajimare da ke tahowa daga yamma, daga wajen teku, ana sa ran isowarsu da azahar. In mun fita ƙarfe biyar, muka kai ƙololuwa kafin goma, za mu sauko kafin su iso. Sannan ya ajiye cokali ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce sharaɗi ɗaya ne: duk inda ya ce a juya, a juya, ba gardama. Na ce na'am da saurina. A raina ina cewa ai wannan gargaɗin na Alhaji ne, mai hakin nan tun daga Shamharush.

Barci bai yiwu ba. Mutum ashirin a ɗaki ɗaya kan gadaje masu hawa biyu, wannan na tari, wancan na minshari da Faransanci. Da na fara gyangyaɗi sai in farka firgigit kamar an toshe mini hanci.

Ƙarfe biyar muka fito da tocila a goshi. A lokacin agogon Maroko daidai yake da namu, amma a Janairu rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, asuba ma sai kusan bakwai, don haka cikin dare sosai muka fara. Taurari ban taɓa ganin irinsu ba, ko a ƙauye da aka ɗauke wuta. Muka tsallaka rafin da ke bayan masauki muka kama gangaren farko, wanda ya miƙe tsaye kamar bango. A sama ana ganin tocilolin waɗanda suka riga mu, jere kamar masu zuwa tahajjud. Ba abin da kake ji sai ƙarar haƙoran ƙarfe a ƙanƙara, ƙaras, ƙaras, da numfashinka. Jagora na tafiya a hankali har abin ya fara ba ni haushi, taku ɗaya numfashi ɗaya. A Kufena da tuni na kai sama na sauko.

Da lokacin sallah ya yi muka raɓe a jikin wani dutse. Alwalata ta masauki ta riga ta warware, ruwan gora kuma ya zama dutse, sai taimama. Na cire safar hannun dama na danne ta da gwiwa, na cire ta hagu, na buga tafukana a jikin dutsen. Ban san sanyi na iya ƙuna ba sai ranar. Ji na yi kamar na dafa murfin tukunya. Ina shafa fuska wata iska ta taso daga sama ba sallama, na ɗan gyara tsayuwa, safar dama ta fice daga ƙarƙashin gwiwata. Ina kallo hasken tocila ya bi ta tana birgima, ta yi ƙasa, ta shige duhu. Jagora ya yi wata magana da Tashelhit wadda ban nemi fassararta ba. Ya laluba jakarsa ya ciro wata siririyar safa ya ba ni, ya tambaya ko ina da wani ƙyalle. Ba ni da komai sai tutar tela. Ya nannaɗe mini ita a hannun dama, ya ɗaure. Muka yi sallah a tsaye da takalma da ƙarafa, sujada a kan jaka, Ƙulhuwallahu da Inna a'aɗaina. Ban taɓa jin limamin da ya kai Alhaji sauri ba.

Da muka sallame na ɗaga kai, rabin taurarin nan babu su. Jagora ma sama yake kallo. Ya ce abin ya yi sammako.

Daga nan gari ya ƙi wayewa yadda aka saba. Duhu ya koma toka-toka, toka ta koma fari. Iskar da ke zuwa jefi-jefi ta zauna daram, tana kwasar ƙanƙarar ƙasa tana watsa mana a fuska kamar ana jifa da yashi. Gashin idona ya daskare, in na ƙifta sai in ji suna mannewa. Majina ta zama ƙanƙara a gashin baki. Alhaji ya tsaya ya yi amai sau biyu, ya goge baki ya ce shayin aljanu ne. Wasu Turawa uku suka wuce mu suna saukowa, na gabansu ya gicciye hannuwa ya nuna sama, ya girgiza kai.

Muna cewa hazo ya yi yawa a Zariya in jirgi ya kasa sauka ko direba ya kunna fitila da rana. Amma a hazo kana ganin ƙafarka, kana sanin ina ne ƙasa ina ne sama. Wannan farin duhu ne. Ƙasa fara, sama fara, ba layin da ya raba su, har sai ka ji jiri na ɗibarka kana tsaye. Na waiwaya in ga sawunmu, babu. Wurin da muka taka minti biyu da suka wuce ya shafe sumul kamar ba a taɓa bi ba. Jar rigar jagora kawai nake bi, in ya yi taku goma gaba sai ta fara dusashewa.

Wajen tara da rabi muka fito wata 'yar sirdi tsakanin duwatsu biyu, Tizi n Tubkal, kusan mita 3,950. A nan iskar ta same mu gaba ɗaya, ba abin da ya tare ta. Sai da na durƙusa na kafa gatari na riƙe. Jagora ya jawo mu bayan wani dutse, ya kusanto da bakinsa kunnena ya ce, "Narja'." Mu koma.

Na san lissafin, domin na haddace shi tun a gida. Mita 200 da 'yan kai suka rage, abin da bai fi awa ɗaya ba. Na hau fiye da mita 2,000 daga Imlil da ƙafata. Na ce masa a'a. Ya ce gaba hanya na bin kaifin dutse, akwai inda ake gittawa a gefen gangare, in ƙafa ta zame ba abin da zai tare mutum, kuma a wurin aka fi samun haɗari da hunturu. Ya ce da wannan iskar ba zai kai mu ba. Ana cikin haka wasu mutum huɗu suka fito daga farin nan ɗaure da igiya, da manyan tabarau da suka rufe rabin fuska, suka wuce mu suka yi sama. Na nuna su. Ya ce su da kayansu da saninsu, ni fa?

Alhaji ya dafa ni, yana magana da ƙyar. "Malam, ni dai ina da mata biyu da bashin 'yan Kwari. Mu sauka."

Abin da na yi bayan haka shi ne ya sa na daɗe ban rubuta wannan labari ba. Na ce Alhaji ya jira mu a bayan dutsen, wato in bar mutumin da ke amai shi kaɗai a cikin wannan iska. Sannan na zuge aljihun ƙirjina da hannun hagu, na zaro dirhami 500 na miƙa wa jagora, kamar wanda ya iso shingen hanya. Fuskar tela nake gani, da benci, da dariyar da za a yi. Wallahi a lokacin tsoron majalisa ya fi mini tsoron ramin.

Bai yi fushi ba, bai kuma dubi kuɗin ba. Ya kama hannuna na dama, ya warware tutar, ya ce in mayar da kuɗin aljihu in zuge da wannan hannun. Na kai hannu. Ina ganin yatsuna a kan zip ɗin amma ba na jin su, kamar na wani aka ara mini. Na umarci babban yatsa da manuni su haɗu, suka ƙi. Na gwada sau uku. Takardun kuɗin na karkarwa a hagu, iska na neman fizge su. Shi ya karɓa ya cusa mini a aljihu, ya zuge, ya buɗe rigarsa ya tura hannuna cikin hammatarsa ya matse. Muka tsaya a haka, ni da mutumin da na gama yi wa tayin cin hanci, fuska da fuska, har na fara jin wani abu kamar tsinke a yatsun. Ya mayar da safa da tuta, ya ciro gajeriyar igiya ya ɗaure mu ni da Alhaji a ƙugu, ya juya mu muka fuskanci ƙasa. Ban ƙara cewa uffan ba.

Saukar ta fi hawan wuya. Gwiwa ta yi laushi, ga shi ba a ganin inda za a sa ƙafa. Shi yana baya riƙe da igiya yana kiran dama, hagu, yadda ya gane hanyar Allah kaɗai ya sani. A gangaren ƙarshe abin da ya gargaɗe mu a kai ya faru, haƙorin ƙafar dama ya kama wandon hagu, na kifa. Kafin in tuna yadda aka ce a yi da gatari na tafi kamar tsawon mota biyu a kan ciki, sai na ji igiya ta fizge ni a ƙugu. Wurin mai sauƙi ne, ƙasansa a shimfiɗe. Ina kwance ina haki na tuna inda na so a kai ni awa biyu da suka wuce.

A masauki na nufi murhu kai tsaye, jagora ya janye ni. Ya ce hannun da ba ya ji ba a kai shi wuta, zai ƙone mai shi bai sani ba, kuma ba a murza shi. Aka kawo ruwa mai ɗumi-ɗumi a kwano na tsoma. Da jini ya fara komawa, na ji azabar da ban san da ita ba, kamar ana buga mini ƙusa a ƙarƙashin kowane farce. Ni da 'ya'yana huɗu na zauna ina hawaye a gaban Turawa. Alhaji na kwance a benci cikin bargo, bai ce komai ba, wannan kuwa a wurin Bakano babbar sadaka ce.

Da na so in ce mutum huɗun nan sun sha wuya sun dawo hannu rabbana, labarin ya fi daɗi. Ba haka aka yi ba. Wajen ƙarfe biyu suka shigo, gemu duk ƙanƙara, suna tafawa. Sun kai. Ɗaya ya nuna mana hoto: ga dalar ƙarfen nan da aka kafa a ƙololuwa, ga su rungume da ita, bayansu fari fat ba a ganin komai. Na ce musu barka, amma abincin rana bai wuce mini ba. Har muka sauko Imlil washegari ina jin haushin jagora, ina kuma jin kunyarsa, na rasa wanne ya fi. Sai da muka zo rabuwa na kama hannunsa na ce ya yafe mini abin da na yi a sama. Ya ce a sama ba a riƙe wa mutum magana, iska ce ke yi. Na ba shi dirhami 500 ɗin nan, wannan karon ya karɓa ya sa albarka.

Da muka koma Marrakesh gari ya washe tangaran. Muka hau rufin masauki da yamma, ga tsaunukan can sun fito ɗaya bayan ɗaya, rana ta yi musu ja, ko ɗigon gajimare babu. Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ka gani ko, Bazazzagi? Mu da muka ce hangen Dala ba shiga birni ba, mun san abin da muke faɗa."

Kawu na same shi inda na bar shi, kamar bai motsa ba.

"Ka isa?"

"Ban isa ba, Kawu. Ɗan garin ya ce mu juyo."

Ya miƙo hannu ya kama nawa, ya dubi kan yatsun da suka yi fari suka fara tashi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsansa kamar yana jan carbi. Ya kama na hagu ma ya ƙirga. Ya ce, "Goma." Ya koma wuridinsa.

A jirgi na yi ta saƙa yadda zan ba da labarin a gida. Ai ba wanda ya san bambancin mita 3,950 da 4,167 a hoto, fari ne duka. Ashe Alhaji ya riga ya rufe mini wannan ƙofa. Tun a Marrakesh ya karɓi lambar tela a wayata da sunan zai aiko masa da yadi, ya tura masa bidiyona ina kuka da hannu a kwano. Ranar da na fito majalisa tun daga nesa na ji an ɗauki tafi. Wani ya miƙe ya ba ni wuri, ya ce a matsa wa Sarkin Dutse murabus. Mai shayi ya tambaya ko in sa masa hannu a tukunya ya ga yadda ake yi. Na bari suka gama, sannan na ba su labarin duka, har da kuɗin. A nan dariyar ta ɗan lafa, wani dattijo da ke zama da mu ya ce, "Kai ma dai," bai ƙarasa ba.

Na ciro tutar na miƙa wa tela. Ta yamutse, ga wani yagewa da gatari ya yi mata kusa da harafin ƙarshe. Ya shimfiɗa ta a kan keke, ya bi ɗinkin da farce, ya ja nan ya ja can, zare ko ɗaya bai saki ba. Ya ce shi dai aikinsa ya kai inda ya kai, kuma ya yi amfani. Ya sa ƙusa biyu ya kafe ta a bango saman kekensa, sannan ya juyo ya tuna mini ban cika masa kuɗin yadin ba.